Mullard Ko Valvo? Gardamar Da Na Kai Babban Mutum

Akwai wata gardama da masu sha'awar kayan sauti suke tafkawa a Turai da Amurka da Jafan, wadda in ka fara jin ta sai ka ce mutanen nan ƙoshi ne ya yi masu yawa. Wai a cikin tsofaffin bawul na rediyo da amfilifaya, wanne ya fi fitar da amo mai daɗi? Wannan ya ce na Mullard da aka ƙera a Ingila muryarsa ta fi kauri da laushi. Wancan ya ce ina, Telefunken na Jamus ya fi tsabta, kana jin kowane kayan kiɗa a mazauninsa. Wani kuma ya rantse da na Philips na ƙasar Holan. Ba fa a fatar baki abin ya tsaya ba, kuɗi suke zubawa. Ɗan kwalban da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda aka ƙera tun kafin a haifi iyayen wasunmu, sai a saye shi da daloli masu kauri in dai ba a taɓa kunna shi ba.

Abin da ya sa na ga maganar ta cancanci shiga mujallarmu shi ne, irin waɗannan 'yan kwalabe suna nan a gidajenmu. Suna cikin manyan akwatunan rediyon nan na katako da aka jingine a ɗakin kakanni, an ɗora masu kwanuka ko buhun gero. Kuma kullum raguwa suke yi. Mai sayen gwangwan ba ruwansa da Mullard, jan ƙarfen cikin taransifoma yake so. Zai fasa akwatin da guduma, ya cire abin da zai hau sikeli, kwalaben kuma yara su ɗauka su yi ta jifa da su don su ji ƙarar fashewarsu. A garinmu Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure, na san gidaje uku da aka yi haka a 'yan shekarun nan. Na gidanmu ma saura ƙiris ya bi su.

'Yan sashen lantarki ku yi haƙuri, bari in ɗan yi wa 'yan akanta da 'yan aikin jarida bayani. Bawul kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta sarai. A tsakiya akwai siririyar waya mai ɗaukar zafi kamar ta ƙwan fitila, tana gasa wani ɗan ƙarfe da ake kira katod. In ya yi zafi sai ya riƙa furzar da ƙwayoyin lantarki, su kuma su ruga zuwa wani faranti da aka ɗora wa wuta mai ƙarfi. Tsakanin katod da farantin an gitta wata raga ta lallausar waya. Ɗan motsin wuta kaɗan a kan ragar nan shi ke buɗe hanya ko ya tsuke ta, kamar mai gadin ƙofa a ranar kasuwa, sai ƙaramin sautin da ya shiga ya fito babba. Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya fara ƙera mai ƙafa biyu a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa raga a 1906. Daga nan har zuwa lokacin da aka ƙirƙiro taransista a 1947, kai har bayan nan da shekaru, rediyo da talabijin da na'urar ɗaukar murya duk da bawul suke aiki.

A ƙauyukanmu na kan iyaka, inda babu wutar lantarki a wancan zamani, rediyon da ya fara yaɗuwa sosai mai taransista ne, ɗan madaidaici mai cin batir, wanda makiyayi zai rataya a kafaɗa. Manyan akwatunan nan masu bawul kayan birni ne, na ma'aikata da attajiran Kano da Kaduna da Zariya. Namu ma daga Kano ya zo. Kakana ya yi aiki a can a shekarun 1960, ya sayi Grundig, kuma da shi ya riƙa kama Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, da Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Da ya yi ritaya ya dawo gida da shi, sai ya zama kayan ado, don babu inda za a jona shi. Wannan zaman banzan shi ya cece shi. Gilashinsa bai fashe ba, lambobin mita 16 da 19 da 25 da 31 suna nan raɗau, da maɓallai farare a jere kamar haƙora.

Wanda ya hana a sayar wa mai gwangwan shi ne Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya koyi gyaran rediyo a Kano yana saurayi, a daidai lokacin da bawul ke ƙarewa taransista na shigowa. Yau aikinsa ya koma gyaran fitilun sola da cajar waya, amma a ƙarƙashin bencinsa akwai wani tsohon gwangwanin madara cike da bawul, kowanne an naɗe shi da yankin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ya yi ja don tsufa. Da na ba shi labarin gardamar Turawa a hutun da ya wuce, ko dariya bai yi ba. Cewa ya yi, "To ai gaskiyarsu. Mullard daban yake. Mu da muka yi aikin mun sani." Na ce, "Kawu, in an rufe sunan za ku gane shi da kunne?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in ɗauko rediyon.

Kafin a kai ga gwaji sai da muka yi kwana huɗu muna gyara, kuma nan ne nake so masu karatu su buɗe kunne, don abin da ke cikin akwatin nan yana kisa. Farantin bawul yana aiki da bolt 250 ko fiye, kuma manyan kafasitocin da ke tace wutar suna riƙe ta ko bayan an cire soket. Kawu bai taɓa sa hannu ba sai ya sauke su ta cikin resista ya auna da mita ya ga sun koma sifiri. Akwai kuma wani tarko. Wasu rediyoyin na zamanin ba su da taransifoman wuta kwata-kwata, ƙarfen jikinsu haɗe yake kai tsaye da wayar da ta fito daga bango. Alamarsu ita ce lambobin bawul ɗinsu suna farawa da harafin U, kamar UL84 ko UCH81. Irin waɗannan, kada wanda ya kuskura ya jona masu waya ko wani abu da hannu zai taɓa. Namu na harafin E ne, wato zafinsa na bolt 6.3 daga taransifoma yake zuwa, shi ya sa muka samu damar shigar da sauti daga wayar salula ta ƙofar baya da aka tanada don garmaho.

Babban abin da muka canza wata 'yar kafasita ce ta takarda, wadda ke miƙa sauti zuwa ragar bawul na ƙarshe. In ta tsufa sai ta riƙa yoyon wuta, ta tura wa ragar abin da bai kamata ba, bawul ya riƙa jan wuta fiye da ƙima har farantinsa ya yi ja kamar garwashi. Mutane da yawa da suka jona tsohon rediyo don su ga ko yana aiki, a nan suke ƙona shi cikin minti goma. Kuɗin sabuwarta bai kai na kwanon shinkafa da wake a bakin get ba.

Sa'ar da muka yi ita ce, a wannan rediyon bawul ɗaya tak ke tura lasifika, EL84, don haka shi kaɗai za a riƙa cirewa ana sakawa. Kuma tsarin da'irarsa irin wanda bawul ke daidaita kansa ne ta resistar katod, ba sai an yi ta murɗa wani abu ba a kowane canji. Guda huɗu muka tara. Na farko Valvo, wanda ya zo da rediyon daga Jamus. Na biyu Mullard daga gwangwanin Kawu. Na uku an rubuta masa Miniwatt Dario, ɗan Faransa, wanda Kawu ya ce ya cire daga wani rediyo da aka taɓa kawo masa gyara daga tsallaken iyaka, wajen Damagaram, mai shi bai dawo ba har yau. Mu da ke bakin Nijar haka kayanmu suke, rabi ta hanyar Ingilishi suka zo, rabi ta hanyar Faransanci. Na huɗu sabo ne dal, na kamfanin JJ da ke ƙasar Sulobakiya, wanda wani abokina mai kaɗa gita a Kaduna ya ara mani da sharaɗin in na fasa in biya.

Ga wani abu da ya kamata a sani tun kafin a fara saurare. Mullard da Valvo da Miniwatt duk 'yan gida ɗaya ne. Kamfanin Philips na Holan ya mallaki Mullard da Valvo tun a shekarun 1920, kuma masana'antunsa sukan yi musayar kaya. Bawul da aka ƙera a garin Blackburn na Ingila ana iya buga masa tambarin Valvo a sayar a Jamus, na Hambog kuma a buga masa Mullard. Sunan da ke jiki da farin fenti sunan mai sayarwa ne. In kana son sanin mahaifarsa sai ka duba wasu 'yan haruffa da aka ƙona a jikin gilashin can ƙasa, masu dishi-dishi: harafin B na Blackburn ne, D na Hambog, ɗan alwatika kuma na Heerlen a Holan. Mun haska tocila mun duba. Mullard ɗin Kawu yana da B ɗinsa, ya gyara zama yana murmushi. Valvo yana da D. Na Dario haruffan sun goge.

Sai matsalar wuta. An ƙera rediyon don bolt 220, kuma zafin katod yana bin wutar bango sau da ƙafa. In wuta ta sauka zuwa 180, kamar yadda takan yi da yamma a garuruwa da yawa, katod ba zai gasu sosai ba, kowane bawul sai ya yi murya irin ta mai mura. In ka gwada Mullard da safe ka gwada JJ da magariba, wutar gari ka gwada, ba bawul ba. Ƙaramin janareta kuma ya fi muni, ga hawa da sauka ga ƙara. Inbata ta sola muka yi amfani da ita, irin mai fitar da wuta sumul kamar ta gidan wuta. Mun fara jarraba wata mai arha, sai taransifoman ya kama ƙugi kamar an saki ƙudan zuma a cikin akwatin, muka cire ta nan take.

Yadda muka tsara abin shi ne, aka rataya zane tsakanin masu saurare da bayan rediyon. Ƙanwata da ke aji biyar a sakandare ita ce mai canji: ta kashe, ta cire soket, ta jira ya huce, ta zare da tsumma ba tare da ta taɓa komai na ciki ba, ta saka wanda ƙuri'a ta faɗa wa, ta rubuta a littafinta. Masu saurare mu uku ne, ni da Kawu da wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya yi kiɗan kalangu a ƙuruciyarsa kafin ya bari. Abu ɗaya da na dage a kai shi ne daidaita ƙarfin sauti. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: in aka ba shi abu biyu iri ɗaya, ɗaya ya ɗan fi ƙara ko da kaɗan ne, sai ya ce wannan ya fi daɗi. Bawul kuwa ba su cika yin ƙarfi ɗaya ba. Don haka a kowane canji sai a saki wani sauti tsayayye daga waya, a ɗora mita a kan wayoyin lasifika, a murɗa har allura ta tsaya inda ta tsaya a baya. Abin gajiya ne, ƙanwata ta yi ta tsaki, amma in ba a yi haka ba duk zaman ya tashi a banza.

Abin da muka saurara kashi uku ne: kiɗan kalangu na Mamman Shata, don kalangu yana hawa yana sauka kuma dukansa na da kaifi, kuntigin Ɗan Maraya Jos, don siririn amonsa, sai karatun Alƙur'ani na Shaihu Mahmud Khalil Husari, murya zalla ba kiɗa, wadda duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san yadda ya kamata ta fito.

Valvo bai ɓoyu ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da ƙuri'a ta faɗa masa, kafin a yi daƙiƙa goma wani zai ce, "Ga tsohon nan." Kalangu sai ya zama kamar ana dukan kwali, in an ɗan ƙara murya kuma sai ya shaƙe. Mita ta faɗi dalili. Takardar bayanin EL84 ta ce a bolt 250 farantinsa zai ja kimanin mili-amfiya 48, kuma in ka auna wutar da ke kan resistar katod ka raba da ƙimarta, dokar Ohm za ta ba ka abin da yake ja a zahiri. Valvo ɗinmu da ƙyar ya wuce rabin abin da sauran ukun ke ja. Ba laifin Jamusawa ba ne. Shekarun da kakana ya yi yana jin labaran duniya safe da dare su suka cinye katod ɗin. Da wani zai ji shi ya tafi yana cewa Valvo ba shi da daɗi, ya zalunci Valvo.

Dario kuma Kawu ne ya tona masa asiri, ta hanyar da ban taɓa gani a littafi ba. Bayan an gama zagayen farko ya zagaya bayan zanen, rediyo na kunne ba a saka komai ba, ya ɗauki fensir ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da gindin roba. Sai ga "ƙiiin" ta fito daga lasifika kamar an taɓa kofin gilas. Ƙarafunan cikinsa sun saki, suna rawa. To a cikin akwatin da lasifika ke girgiza katako, wannan rawar komawa take cikin sauti. Abin mamaki, dattijon nan mai kalangu shi Dario ya fi so a kan kuntigi. Ya ce amonsa ya fi "tsawo", yana ɗan jan wutsiya bayan an kaɗa. Gaskiya ya ji, wutsiyar tana nan, sai dai Ɗan Maraya bai kaɗa ta ba, kwalbar ce ta ƙara daga aljihunta. Ko wannan aibi ne ko ado, na bar wa mai kunne. Ni dai a kan karatun Husari ba na son ta, don tana sa harafin sin ya riƙa ƙyalli fiye da yadda aka karanta shi.

Saura Mullard da JJ, tsoho mai lafiya da sabo mai lafiya, kuma a nan ne ainihin gardamar take. Da ana ganin suna, Kawu bai yi wata-wata ba: Mullard ya fi nauyi, JJ yana da kaushi. Da aka saki zane, a madaidaicin sauti irin wanda mutum zai ji a ɗaki da dare, amsoshinmu duka uku suka zama kamar na mai jefa kwabo. Wani zagayen a dace, wani a sha ƙasa. Akwai inda ƙanwata ta maido da JJ sau biyu a jere, Kawu ya yaba na farko ya kushe na biyu. Da aka buɗe littafi ya ga haka, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗan nan, ƙara murya. Mu ba a haka muke jin rediyo ba. A shago ake ji, kasuwa na ci."

Aka ƙara har kusan ƙarshe. To a nan fa lissafi ya canza. A kan kalangu, wurin da makaɗa suka haɗu suka sauke duka lokaci guda, Kawu ya riƙa nuna Mullard fiye da yadda sa'a kaɗai za ta ba shi, dattijon ma haka. Ni kaina na ji wani abu, ko da yake ba zan rantse a kansa ba kamar yadda zan rantse a kan Valvo: ɗaya yana murƙushe dukan a hankali, ɗayan yana ɗan fasa shi. Zagayen da muka yi ba su da yawan da za a kai gaban malamin lissafi, kuma ƙwaya ɗaya ce ta kowane iri, don haka ba zan ce duk Mullard na duniya haka yake ba. Amma abin ya yi daidai da yadda na'urar take. EL84 guda ɗaya wat biyar da ɗan wani abu kawai yake iya bayarwa. Muddin kana ƙasa da wannan iyaka, da'irar rediyon tana maido da wani kaso na sautin da ya fita zuwa baya don ya gyara kansa, wannan kuwa yana shafe yawancin bambancin da ke tsakanin bawul da bawul. In ka kai shi bango, gyaran ya gaza, sai halin kowanne ya fito fili. Kawu ya yi shekaru yana jin rediyo a bakin bango, shi ya sa abin da ya riƙe a ƙwaƙwalwarsa ba tatsuniya ba ce. Su ma masu gita da ke neman tsofaffin bawul ruwa a jallo, da gangan suke kai amfilifayarsu bangon.

Wani zai tambaya, to shi wannan "ɗumi" da ake cewa sautin bawul yana da shi, daga ina yake? Kashi ɗaya daga bawul ɗin ne. In guda ɗaya ke aiki shi kaɗai kamar a rediyonmu, gurɓatar da yake ƙarawa tana da kaso mai yawa na amon da ya ninka na asali sau biyu daidai, kuma kunne yana karɓar wannan a matsayin cika, ba ƙazanta ba. In ya ƙure kuma a hankali yake lanƙwasa sauti, ba ya datse shi kamar yadda ƙaramar amfilifaya mai taransista ke yi. Amma a ganina kaso mafi girma ba a kwalbar yake ba. Yana cikin taransifoman da ke tsakanin bawul da lasifika, da faffaɗar lasifikar takarda, da akwatin katako mai faɗin kamu uku, da dabarar da injiniyoyin Jamus suka yi wa maɓallin murya don ya ƙara kauri in an rage sauti. Mun tabbatar da wannan cikin sauƙi: muka zare wayoyin lasifikar ciki muka jona wata 'yar lasifikar roba ta mota. Da Mullard da komai, sai ga shi yana ƙara kamar rediyon mai shayi. Canjin da wannan ya kawo ya ninka na duk bawul huɗun a haɗe.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Yawancin waƙoƙin da ke cikin wayoyinmu sun sha wuya kafin su iso mu. Daga faifai ko tef na gidan rediyo aka kwafa zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, sannan wani ya mayar da su MP3 ya matse don su shiga ƙaramin memori, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya. Saman amon ya riga ya tafi tun kafin a haife mu. Sai da na bi masu tura waƙoƙi uku a Daura kafin in sami kwafin Shata da ya cancanci a yi gwaji da shi. Wanda zai kashe dubban nairori a kan bawul alhali abin da zai saka masa ke nan, gara ya fara neman kwafi mai kyau.

Batun kuɗi kuma, kada wani ya karanta wannan ya tafi gida yana lissafin zai biya kuɗin rajista da gwangwanin kakansa. Masu tsadar su ne waɗanda ba a taɓa amfani da su ba, a cikin kwalinsu na asali, an auna su da na'ura an haɗa su biyu-biyu masu ƙarfi ɗaya. Wanda aka zaro daga tsohon rediyo darajarsa ba ta kai nan ba, wani ma kamar Valvo ɗinmu ya gama aiki. In ka ga azurfar nan da ke shafe a saman gilashin daga ciki ta koma fari kamar alli, iska ta shiga, ya mutu. Kasuwar kuma cike take da jabu, don buga tambari a kan gilashi ba wuya. Shi ya sa masu sayen Telefunken suke juya shi su duba ɗan tambarin lu'ulu'u da aka zuba a cikin gilashin gindinsa tsakanin ƙafafu, wanda fenti ba ya iya kwaikwaya. Har sunan Mullard ma yau ana buga shi a kan sababbin bawul da ake ƙerawa a garin Saratob na Rasha, bisa izinin masu sunan na yanzu, alhali masana'antar Blackburn ta daina ƙera bawul tun a shekarun 1980.

Darajar da na fi gani ita ce ta ƙarancinsu. Masana'antun da suka rage suna ƙera bawul na sauti da yawa 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, sai wata a Amurka da ta farfaɗo da 300B na Western Electric. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, kasuwar ta rikice, farashi ya tashi, masu gita da masu situdiyo suka shiga wawason abin da ya rage a shaguna. Wasu nau'o'in kuma, kamar EABC80 da ECH81 da ke cikin rediyonmu, da ɗan koren "idon mage" mai nuna an kama tasha daidai, kusan duk abin da ke yawo a duniya tsohon ajiya ne. Duk wanda yaro ya fasa a bayan gida, an rage ɗaya ke nan.

A ɗakin gwaje-gwajenmu muna zana da'irar amfilifaya a allo, mu haɗa ta da 'yan ƙananan abubuwan da ba a ganin cikinsu. Bawul kuwa kana kallonsa yana aiki: ga katod ya yi ja, ga raga, ga faranti, ka sa mita ka ga dokar Ohm tana motsi da hannunka. Na yi magana da wasu 'yan ajinmu, muna so mu roƙi sashe ya ba mu kusurwa ɗaya a ɗakin gwaji mu tara irin waɗannan akwatuna mu riƙa gyarawa a ƙarƙashin kulawar malami. Wanda duk ya je hutu ya tarar da irinsa a gida, don Allah kada ya jona shi a wuta. Ya buɗe murfin baya kawai, ya ɗauki hoton lambobin da ke jikin kwalaben da na takardar da ke manne a ciki, ya kawo mana. In harafin farko U ne mu san irin shirin da za mu yi masa, in E ne aikin ya fi sauƙi.

JJ na mayar wa mai shi lafiya lau. Mullard na cikin rediyon yanzu, don shi ne mai lafiyar da muke da shi. Valvo da Dario Kawu ya sake naɗe su a takardarsu, ya rubuta wa kowanne abin da mita ta nuna da biro a gefe, ya mayar cikin gwangwani. Ya ce akwai wasu EL84 guda biyu a can ƙasa da bai tuna daga ina suka zo ba, tambarinsu ya goge gaba ɗaya, in an yi hutun ƙarshen zango in zo da tocila mai haske sosai.